Yadda ake yin tallar zane mai motsi

A kasuwa, mai talla yakan ɗaga murya ya yabi kayansa. Yarinya mai tallar ƙosai tana bin unguwa unguwa da faranti a ka. Amma babban kamfani ba ya iya bin gida gida. Shi sai ya biya kuɗi a yi masa talla a rediyo, a telebijin ko a wayar salula. A cikin irin wannan talla akan ga abin mamaki: sabulu yana rawa, kwalbar magani tana dambe, fitila tana magana kamar mutum. Ba sihiri ba ne, zane ne. Da faransanci ana ce masa dessin animé, da hausa kuwa zane mai motsi.

Kamfanin sabulu ya iya yin sabulu, amma bai iya zane ba. Don haka yakan je wurin waɗanda suka iya. Wurin da suke aiki shi ne gidan zane. Wanda ya kawo aikin, ya kuma biya kuɗin, shi ne mai kaya.

Zane nawa ne cikin sakan ɗaya?

A gaskiya zane ba ya motsi. Ido ne ake ruɗawa. Idan aka nuna wa ido hotuna masu kama da juna, ɗaya bayan ɗaya da sauri ƙwarai, sai ya ga kamar abu guda ne yake motsi. A sinima, hoto 24 ne ke wucewa cikin kowane sakan. A telebijin na Nijar da na Faransa, hoto 25 ne.

To, a yi lissafi. Talla da yawa ba sa wuce sakan 30. A sinima, sakan 30 sau hoto 24 ya ba da hoto 720. Masu zane suna da wata dabara ta rage wahala: sukan ɗauki kowane zane sau biyu. Ta haka zane 12 ya isa sakan ɗaya, ido kuma ba ya ganewa sosai. Duk da haka, rabin minti yana cin zane 360. Kaye mai shafi 100 guda uku ba za su ɗauke su ba.

Wani Bafaranshe mai suna Émile Cohl ya nuna wani ɗan fim a birnin Paris a shekarar 1908. Sunan fim ɗin Fantasmagorie. Bai kai minti biyu ba, amma sai da Cohl ya yi zane kusan 700 da hannunsa.

Wannan lissafi shi ne tushen duk abin da ke biye. Aiki mai yawa haka ba a fara shi da ka. Tela ba ya sa almakashi a yadin mutum sai ya auna shi, sai kuma sun shirya a kan irin ɗinkin. In an riga an yanka, nadama ba ta mayar da yadi.

Fim na kai da fim na kwangila

A Nijar an yi wani gwanin zane mai motsi, Moustapha Alassane. An haife shi a shekarar 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali, ya sa fitila a baya, ya nuna wa ƴan uwansa wasan inuwa. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ƙaro ilimi wurin Norman McLaren. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo, shugaban ƙasar kwaɗi, da ya tafi baƙunci wata ƙasa. Ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Labarin kwaɗin nan daga zuciyar Alassane ya fito. Shi ya ga dama ya yi wa manya ba'a, ya yi. Irin wannan shi ne fim na kai.

Fim na kwangila dabam ne. A nan mai zane ba abin da ke ransa yake faɗi ba, saƙon wani yake ɗauke da shi. Hannu nasa ne, amma magana ta ƙarshe ta mai kaya ce. Kuma ba talla kaɗai ake kawowa ba. Banki yana so a gwada wa mutane yadda ake buɗe asusu. Kamfanin waya yana so a koya musu aika kuɗi da salula. Masana'anta tana so a nuna wa sabbin ma'aikata yadda za su kiyaye kansu daga injin. Duk hanyar aikin ɗaya ce.

Zaman farko

A ce wani Alhaji mai kamfanin sabulu ya zo gidan zane. Bayan gaisuwa, shugaban gidan ba ya ɗauko alƙalamin zane. Tambayoyi yake yi.

— Alhaji, su wa kake so su ga tallar nan?

— Kowa da kowa, malam.

— Ranka ya daɗe, wa ke sayen sabulu a gida?

— Mata ne.

— To, da su za a yi magana. Wane abu guda kake so su riƙe?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai wuya. Mai kaya yana son kayansa kamar yadda uwa ke son ɗanta. Yana so a ce sabulun yana da kumfa, yana da ƙanshi, yana da araha, ba ya saurin ƙarewa, kuma kakansa ne ya kafa kamfanin. Amma sakan 30 ba ya ɗaukar duk wannan. Da ƙyar mutum ya faɗi kalma 70 a natse cikin rabin minti. Dole a zaɓi abu ɗaya, a bar saura.

Akwai sauran tambayoyi. Da wane harshe za a yi magana, hausa, zabarmanci ko faransanci? A ina za a nuna fim ɗin? Wace rana ake son sa? Nawa Alhaji ya tanada? Idan an shirya, sai a rubuta takardar kwangila, kowa ya sa hannu. A cikinta akwai tsawon fim, da kuɗi, da wa'adi. Akwai kuma wani layi da mai kaya ya kamata ya karanta da kyau: sau nawa yake da izinin cewa a gyara. Galibi sau biyu ne ko uku. Abin da ya wuce haka, da kuɗinsa. Sau da yawa akan biya wani kashi tun farko, wato kafin alƙalami, a cika sauran ranar da aka ba da fim.

Allon labari

Aiki na farko rubutu ne. Marubuci yakan tsara ɗan labari. Ga misali. Yaro ya dawo daga wasan ƙwallo, rigarsa ta yi baƙi ƙirin. Uwarsa ta riƙe haɓa. Sabulu ya yi tsalle ya faɗa cikin bokiti, dauɗa ta ruga a guje. Riga ta fito fes. Iyakar labarin ke nan. A kai wa Alhaji, ya karanta, ya yarda.

Daga nan sai allon labari. Mai zane yakan ja akwatuna a kan takarda, kamar na littafin hotuna. A kowane akwati ya yi zane na gaggawa, ba launi, ba ado. A ƙarƙashi ya rubuta abin da ake faɗi, da sakan nawa wurin zai ci. Akwati 12 ko 15 sun isa ƙaramar talla. A liƙa su a bango a jere. Wanda ya bi su da ido daga hagu zuwa dama ya ga fim ɗin tun ba a yi shi ba.

A nan ne ake son gardama. Idan Alhaji ya ce ba yaro yake so ba, yarinya yake so, ba wata asara: a goge, a sake, aikin minti goma ne. Idan kuwa ya bari sai an gama zane 360 kafin ya faɗa, aikin makonni ya tafi a banza. Kuskure ɗaya ne, amma farashinsa yana hawa kowace rana. Shi ya sa gidan zane mai wayo ba ya wuce wannan mataki sai mai kaya ya sa hannu a kan allon.

Tare da allon, ana zana kamannin masu wasa. Yaya idon sabulun zai kasance? Yana da ƙafafu? Ana zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana fushi. Wannan takarda ita kowane mai zane zai riƙa dubawa, don kada sabulun wani ya yi ƙiba, na wani ya rame. Launi kuwa ba a wasa da shi. Idan kwalin sabulun shuɗi ne, dole shuɗin fim ya zama irinsa sak, don mace ta gane shi in ta je kanti.

Wani lokaci mai kaya yakan nemi abin da bai dace ba. Zane yana iya nuna komi: yana iya nuna ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, wannan amfani ne babba. Amma yana iya nuna yaro ya sha wani abu ya ɗaga mota da hannu ɗaya. Idan wasa ne da kowa ya gane, ba laifi. Idan kuwa aka ce sabulu yana warkar da zazzaɓi, wannan ƙarya ce, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana tallar ƙarya. Mai zane na kirki yakan ce a'a tun a kan allo, ko da aikin zai kuɓuce masa.

Murya kafin zane

Mutane da yawa suna zaton sai an gama zane ake sa murya. Galibi ba haka ba ne. Muryar ake fara ɗauka. Mai magana yakan shiga ɗaki mai shiru, ya faɗi kalmomin sau da yawa har a samu wanda ya yi. Sa'an nan a auna kowace gaɓa, a san hoto nawa ta ci. Dalili kuwa, bakin da ke faɗin «bu» ba ɗaya yake da bakin da ke faɗin «sa» ba. Mai zane yana bin muryar ne yana buɗe bakin sabulu yana rufewa.

Sai a haɗa muryar da akwatunan allon labari, a yi fim na gwaji. Ba abin da ke motsi a cikinsa, akwatuna ne kawai suke wucewa. Amma yana nuna ko labarin ya shiga cikin sakan 30. Gidan telebijin sayar da lokaci yake yi. Fim mai sakan 33 ba shi da wuri a gurbin sakan 30.

Hannu da yawa

Yanzu aka zo ga babban aiki. A da, duk da hannu ake yin sa. Mai zane yana zaune gaban tebur mai gilashi, da fitila a ƙarƙashi. Takardunsa suna da huji a gefe, ana sa su a ƴan ƙusoshi don kada su goce. Idan ya ɗora sabuwar takarda a kan tsohuwa, hasken fitila yana nuna masa zanen baya, sai ya ɗan matsar da hannu ko ƙafa.

Ba mutum ɗaya ke yin duka ba. Babban mai zane yakan yi manyan wurare kawai: sabulu ya durƙusa, sabulu yana sama, sabulu ya faɗa ruwa. Mataimakansa su ke cike abin da ke tsakani. Yawancin gwanaye daga nan suka faro, kamar yadda yaron tela ke farawa da sa maɓalli.

Bayan fage, wato gida da itace da bokiti, ba ya motsi. Sake zana shi sau 360 ɓata lokaci ne. A 1914 wani Ba'amurke, Earl Hurd, ya yi rajistar wata dabara: a zana mai motsi a kan fallen roba garai-garai kamar gilashi, a ɗora shi a kan bayan fage da aka zana sau ɗaya. Ana jan layi a gaban robar, a shafa launi a bayanta. Sai kamara, wadda aka kafa a sama tana duban ƙasa, ta ɗauki hoto. A cire robar, a sa ta gaba, a sake ɗauka. Haka har a ƙare.

Yau kusan ko'ina kwamfuta ta maye gurbin roba da fenti. Ana zane a kan allon lantarki, launi yana cika da taɓawa ɗaya, kuma a wasu irin ayyuka na'urar ce ke cike zanen tsakani. Aiki ya yi sauri, mutum biyu ko uku suna iya yin abin da a da sai ɗaki cike da mutane. Amma na'ura ba ta san abin da Alhaji yake so ba. Zaman farko, da allon labari, da sa hannu, duk suna nan yadda suke. Ƙaramar talla har yanzu takan ci makonni.

A ƙarshe a sa kiɗa da ƙananan ƙararraki: tsulum na faɗawa ruwa, fatsar kumfa, dariyar yaro. A nuna wa mai kaya. Ya yi gyaransa na ƙarshe, ya cika kuɗi, ya ɗauki fim.

Fim ɗin na wa ne?

Galibi, bisa ga kwangila, fim ya zama na mai kaya. Sunansa ne ke fitowa a ƙarshe da manyan baƙaƙe. Sunayen waɗanda suka kwana suna zane ba sa fitowa ko kaɗan. Akan nuna tallar wata biyu ko uku, a ajiye ta, a manta. Abin da ɗan ciwo ga mai zane.

To, me ya sa gwanaye suke karɓar irin wannan aiki? Don da shi ake biyan haya da albashi, da shi kuma hannu ke faɗawa. A 1936, Paul Grimault da André Sarrut suka buɗe gidan zane a Paris mai suna Les Gémeaux. Da talla suka fara. Sun yi wa fitilun lantarki na Mazda wani fim mai suna Le Messager de la lumière, wato manzon haske. Kamfanin jiragen sama na Air France ma ya ba su aiki. Suna cikin yi yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, aikin ya tsaya. Sai daga baya suka ƙarasa shi da wani suna. Mai aikin kwangila yana cikin irin wannan haɗari kullum: abin da ya taɓa mai kaya, ya taɓa shi. Grimault ɗin nan shi ne ya yi Le Roi et l'Oiseau, sarki da tsuntsu, wanda ya fito a 1980, kuma har yau ana nuna wa yara shi a Faransa.

A Amurka ma an yi haka. Gidan Pixar ya tsaya da ƙafarsa a 1986, amma shekarun farko asara yake yi. Daga 1989 ya shiga yin talla da kwamfuta. Ya yi wa ruwan lemo na Tropicana, ya yi wa maganin kurkure baki na Listerine. Kwalbar nan mai dambe aikinsu ce. Kowace talla ta koya musu wani abu: yadda haske ke sauka a kan kwalba, yadda ake cika wa'adi, yadda ake ba abu marar rai hali irin na mutum. A 1995 suka fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta. Shekara ɗaya bayan haka suka bar aikin talla.

Kalmomi

zane mai motsi : le dessin animé
talla : la publicité
mai kaya : le client
gidan zane : le studio
kwangila : le contrat
kafin alƙalami : l'avance
wa'adi : le délai
allon labari : le scénarimage
bayan fage : le décor
fallen roba : le cellulo
kwamfuta : l'ordinateur

Tambayoyi

1. Hoto nawa ke wucewa cikin sakan ɗaya a sinima? A telebijin fa?
2. Mene ne bambancin fim na kai da fim na kwangila? Bon voyage Sim wane iri ne?
3. Don me shugaban gidan zane ya ƙi yarda da amsar «kowa da kowa»?
4. Me ya sa gyara a kan allon labari ya fi araha?
5. Wanne ake fara yi, murya ko zane? Ku faɗi dalili.
6. Ku tuna wata talla da kuka gani ko kuka ji. Da wa take magana? Me take so mutum ya saya? Akwai abin da ta faɗa wanda kuke shakka?

Lissafi

Ana son talla mai sakan 45 a telebijin. Hoto nawa za ta ci? Idan mai zane yana yin zane 12 don kowane sakan, kuma yana gama zane 20 a rana, kwana nawa zai yi?

Aiki

Ku kasu biyu biyu. Ɗaya shi ne mai kaya, yana sayar da fura, ko kilishi, ko takalma. Ɗaya shi ne mai zane. Mai zane ya yi tambayoyin zaman farko, ya ja akwati shida a kan allonsa, ya zana labarin. Mai kaya yana da izinin gyara sau biyu kawai.

A gida, ku samu tsohon kaye. A kusurwar shafi na ƙarshe ku zana ƙwallo a ƙasa. A shafin da ke gabansa ku zana ta ta ɗan tashi, a na gaba ta ƙara tashi, har shafi 12. Sa'an nan ku sauko da ita cikin wasu 12. Ku riƙe kusurwar da babban yatsa, ku saki shafukan da sauri.